Ɗaki Biyu a Bayan Gidan Iya Mairam

Mas'uda na tsugune a tsakar gida tana tsince shinkafa, mijinta Sharfuddeen ya shigo da sallama ƙasa-ƙasa. Shekararsu biyu da aure, ta san irin tafiyarsa idan akwai damuwa.

"Malam, lafiya?"

Ya miƙa mata takarda. "Notis ne. Ejan ɗin Alhaji Daudu mai gidan nan ya tare ni a ƙofar makaranta. Wai haya ta tashi daga dubu tamanin zuwa ɗari da saba'in. Ko mu biya, ko mu tashi nan da wata biyu."

"Ɗari da saba'in! Wannan ciki da falon da ko famfo babu?"

"Ɗaliban kwaleji zai zuba, huɗu-huɗu a ɗaki, kowa da kuɗinsa. Wa zai tsaya sauraren malamin firamare?"

Ta dafa cikinta, wanda ya shiga wata na biyar.

Sati uku yana zaga Kazaure a kan babur da an tashi daga makaranta. Inda ya samu mai araha, gidan haya ne mai ɗaki tara da banɗaki ɗaya, ga kwata ta ratsa tsakar gidan. Inda ya samu mai kyau kuwa, da ya ji kuɗin sai ya yi godiya ya juyo. Kowane ejan sai ya karɓi kuɗin ganin gida kafin ya buɗe ƙofa. Ya rame, ya daina cin abincin kirki.

Labari ya kai Roni, wurin Hajiya Shatu mahaifiyar Mas'uda, matar marigayi tsohon jami'in ƙaramar hukuma, wadda tun farko ba ta so auren ba. Ranar wata Asabar sai ga ta da akori-kura da majiya ƙarfi biyu.

Sharfuddeen ya durƙusa. "Hajiya, sannu da hanya."

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Mas'uda, ɗauko mayafinki. Ban aurar da ke don a kore ki kan titi da ciki ba. Ranar da ya samu gida na mutunci ya zo ya same ki."

"Umma, don Allah..."

"Rufe min baki! 'Yan'uwanki kowacce na cikin gidan mijinta na kansa, ke kaɗai ce ake buga wa notis!"

Mas'uda ta zube a gabanta tana kuka. "Umma, bai taɓa barina da yunwa ba, bai taɓa ɗaga min murya ba. In na tafi yau, da wane ido zan dube shi gobe? Ki yafe min, ba zan iya tafiya ba."

Hajiya ta daɗe tana kallonta. "To shi ke nan, kin zaɓa. Amma kayan da na saya da gumina ba za su kwana a waje ba."

Aka kwashe gado da kujeru da sif, aka bar musu katifa da tukwane. Da motar ta tashi, Sharfuddeen ya jingina da bango yana share hawaye.

"Ki bi ta, Mas'uda. Ni na gaza."

"Ba ka gaza ba. Tashi ka ci abinci."

Mas'uda ce ta samo mafita. Akwai wata tsohuwa Babarbariya, Iya Mairam, da take sayen man gyaɗa a wurinta a can ƙarshen gari. Mas'uda ta lura da ɗakuna biyu a bayan gidan, an yi rufi amma babu ƙofa, babu taga, babu daɓe. Mijin Iya ne ya fara ginin ya rasu.

"Awaki ne ke kwana a ciki, 'yata," in ji Iya. "Ba ni da ƙarfin ƙarasawa. In mijinki zai gyara, ku zauna shekara uku ba na son ko sisi. Ni ma na samu masu yi min sallama da safe."

Aka rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa. Hutun makaranta gaba ɗaya Sharfuddeen ya yi shi da cebur a hannu, shi ne lebura, shi ne mai ɗebo ruwa, har tafin hannunsa ya faffashe. Suka tare babu silin, taga ɗaya leda ce. Ruwan farko da aka yi da iska sai da ya jiƙa musu katifa, suka ɗauke ta suka jingina suna kallon juna.

A wannan ɗakin ne Mas'uda ta haifi 'ya mace, aka sa mata Bilqis. Hajiya ba ta zo suna ba, ba ta aiko ba. A ranar, Mas'uda ta yi kukan da ya fi na naƙuda.

Bayan wata huɗu aka bugo waya cewa Hajiya ta zame a banɗaki ta ji mummunan rauni a ƙafa, kuma likita ya ce kullum sai an wanke ciwon a asibitin Kazaure. Babban ɗanta Mu'azzam yana aiki a Dutse, sauran 'ya'yan kowa ya kawo uzuri. Sharfuddeen bai yi shawara da kowa ba, ya ɗauki shatar mota ya nufi Roni, ya ɗauko ta. Da suka iso gida ya ce:

"Hajiya, ki yi haƙuri da ƙanƙantar wurin, amma gidanki ne."

Ya bar musu ɗakin kwana ya koma falo a kan tabarma. Kowace safiya shi ke kai ta asibiti kafin ya wuce makaranta, ya riƙe mata takalmi, ya bi layin kati. Kwana ashirin da ɗaya bai fasa ba.

Ranar da likita ya sallame ta, tana zaune da Bilqis a cinya, ta kira shi.

"Malam, zo nan. Na wulaƙanta ka a gaban matarka, ka rama min da alheri. Na yi ta auna ka da gini, ashe ban san abin da nake aunawa ba. Ka yafe min."

Ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Haba Hajiya, uwa ba ta neman gafarar ɗa. Ban taɓa riƙe ki ba."

Mas'uda ta kifa kai a kafaɗar mahaifiyarta, su uku suna kuka, har Iya Mairam ta leƙo tana tambayar ko lafiya.

Haka Allah ya saka wa waɗannan bayin nasa biyu da suka yi haƙuri da juna a lokacin ƙunci. Iyaye su sani, wanda ba shi da gida yau yana iya samu gobe, amma miji mai hali da mace mai riƙon amana ba a samunsu da kuɗi.