Lotsawar Turombon

Hannunsa na kaiwa tsakiya, bututun ya cije.

Babu wanda ya lura a duk faɗin zauren sai ni, don ni na lotsa shi da hannuna.

Dogo ake ce masa. Shekara ashirin yana busa turombon, dogon ƙahon tagullar nan mai bututun da ake turawa ana janyowa. Shi ke koyar da rabin 'yan badujalar gari. Shekara biyu muna tare, shekara biyu Baba yana maimaita magana ɗaya:

"Ba zan ba mai bushe-bushe 'yata ba. Ya nemi sana'a."

Yayana ne ya kawo dabarar, shi da bai taɓa rasa shawarar banza ba.

"Ke dai ba ki da wayo," in ji shi. "Ki ɗan lotsa abin kafin babban wasansu. Ya ji kunya a gaban mutane, su sallame shi, Baba ya sauko. Shi ke nan!"

"Yaya, ai mugunta ce..."

"To zauna ki tsufa kina tafa masa."

Da hantsin ranar wasan Dogo ya bar ni da akwatin a ɗakin shiri, ya fita gaisawa da mutane. Na zaro bututun, na sa shi a bakin ƙofa, na danna sau ɗaya. Lotsawar ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.

Da la'asar ga ni zaune a layi na uku.

Ya taɓa koya mini cewa bututun matsaya bakwai gare shi, kowace da sautinta. Yau uku na ƙarshe sun rufe masa. Na zuba ido ina jiran ya sauke ƙahon, ya ba da haƙuri, ya sauka.

Bai sauka ba.

Ya ɗan karkata kai, ya gyara tsayuwa, ya ci gaba. Sautin da hannu ya kasa kaiwa, sai ya riƙa matso shi da leɓe. Wayyo Allah, ban taɓa jin busa irin wannan ba! Ƙahon ya yi ƙasa da murya kamar mai rarrashin jariri, ya ja sauti ɗaya har na ɗauka numfashinsa zai ƙare, sannan ya ɗaga shi sama a hankali har tsigar jikina ta tashi. Mai ganga ya saki baki yana kallonsa. Wata dattijuwa kusa da ni tana share hawaye da bakin mayafi.

"Kai, wannan bawan Allah ya iya!" in ji ta.

Ni kuwa jijiyar wuyansa nake kallo, da jan abin da ya fara gangarowa ta haɓarsa zuwa farar rigarsa.

Minti arba'in ya yi a haka. Da ya gama zauren ya miƙe tsaye, ni na kasa tashi.

Likita ya ce naman leɓen sama ne ya yage daga ciki. An ɗinke. Zai ci abinci, zai yi magana, amma busa kam ta ƙare har abada.

Bayan sati uku Baba ya kira ni falo, fuskarsa a sake.

"Na ji yaron nan ya bar shirme. Ki ce ya turo manyansa."

Yayana ya kashe mini ido ta bayan Baba. Na tsani kaina a lokacin fiye da yadda na tsane shi.

Na sami Dogo a ɗakinsa zaune a bakin gado, takardun waƙa zube a ƙasa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Zumata," ya ce, maganar na fita a karkace. "Yau kin makara."

"Baba ya yarda..."

Ya yi ƙoƙarin murmushi, ɗinkin ya hana shi.

"Alhamdu lillahi. Ashe abin bai tafi a banza ba."

Nan na durƙushe. Da ma ya yi fushi da duniya, da na iya yin shiru. Wannan godiyar ce ta fi ƙarfina.

"Masoyi... ni ce. Ni na lotsa shi."

Ya ɗago ya kalle ni.

"Ke?"

"Na ɗauka za ka tsaya! Wallahi na ɗauka kana ji ya cije za ka sauka!"

"In sauka? Mutane sun bar aikinsu sun zo saurarena, in sauka a tsakiyar waƙa?" Ya girgiza kai. "Shekara biyu, ashe ba ki san ni ba."

"Ka yafe mini, don Allah... Ina son ka ne, na rasa yadda zan yi!"

"Na yafe." Ya faɗe shi ba tare da ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni. "Amma ki gaya wa Baba manyana ba za su zo ba."

Na kama ƙafarsa ina kuka. Ya zare hannuna a hankali, ya miƙe ya buɗe mini ƙofa.

Har na kai bakin matakala ya kira ni. Na juyo da gudu, ina zaton ya huce.

"Da kin ce in bari saboda ke, wallahi da na bari," ya ce. "Ko sau ɗaya ba ki tambaye ni ba."