Huji Biyu a Tayar Baya

Ranar wata Talata cikin kakar 1976, da hantsi, wata a-kori-kura ta tsaya ƙofar caji ofis na Gumel. Mutanen Gagarawa suka diro suna hayaniya, sun taso wani Bafulatani gaba, hannuwansa ɗaure da igiyar guga. Wasu biyu suka sauko da baƙin keke, tayarsa ta baya a kwance.

Sufeto Haladu ya fito ya tsaya bakin baranda. Ya ɗaga hannu, hayaniya ta lafa.

"Wa ya ɗaure shi?"

"Mu muka ɗaure shi," in ji Alhaji Ubale, mai awon gyaɗa a Gagarawa. "Ɓarawo ne, Bappa sunansa. Kuma tun jiya mun hana shanunsu rijiya. In hukuma ba ta iya ba, mu za mu tashi rugarsu da kanmu."

"Kofur Ilu, kwance shi. Alhaji, nan ba rumfar awonka ba ce, rage murya."

Mai ƙara shi ne Ƙasimu, wanda ke ɗinke wa Alhaji bakin buhunan gyaɗa. Ya zauna a benci da yagaggiyar riga, ga ƙujewa a goshi.

"Ranka ya daɗe, jiya bayan azahar Alhaji ya ba ni rediyonsa mai kaset in kawo gyara nan Gumel. Na ɗaure a kariyar bayan kekena. Ina isa burtali, wajen kukar nan, ƙaya ta fasa min taya. Na duƙa ina dubawa, sai wannan azzalumin ya zo ta bayana ya zuba min sanda. Kafin in farfaɗo ya yi daji da rediyo."

"Ta bayanka ya zo, ya same ka a goshi?"

"Na waiwayo ne."

Sufeto ya matso ya dubi goshin. Fata ta ƙuje, amma ba kumburi. Ya sha ganin inda sandar makiyayi ta sauka, ba haka take bari ba.

"Ina ƙayar?"

"Tana jikin tayar. Ban cire ba, don hukuma ta gani."

Sufeto ya daɗe yana kallonsa. Duk mai keken da ya sani, ƙaya yake fara zarewa kafin ya tuna da hukuma.

A ɗakin tambaya Bappa ya ƙi zama. Ya tsaya jikin bango yana murza inda igiya ta ci masa hannu.

"Ina kake jiya bayan azahar?"

"Can gabas, nesa da hanya."

"An gan ka a burtali."

"Wanda ya gan ni ya yi ƙarya. Ku dai duk bakinku ɗaya. In za ka rufe ni, rufe ni."

Sufeto ya jawo kujera ya zauna, ya harɗe hannu. Ya kafa masa ido. Can Bappa ya yi tsaki.

"To, ina wurin. Wata karsana ce ta faɗa cikin harawar Alhaji, na shiga na koro ta. Shi ya sa na ɓoye. In ya ji, sai ya ce gonar duka muka cinye."

"Ka ga Ƙasimu?"

"Na gan shi. Ya wuce a guje kan kekensa, na yi masa sannu, ko kallona bai yi ba."

"Me ke bayan keken?"

"Ba komai. Igiyar roba ce kawai tana reto."

"Ka yi min ƙarya sau ɗaya, Bappa. Me zai sa in yarda da wannan?"

"Kar ka yarda. Amma shanuna ba su sha ruwa ba tun jiya."

Sufeto ya fito tsakar ofis, ya sa aka kifa keken ƙarƙashin darbejiya, aka kawo daro cike da ruwa da famfo da alli. Tun yana kurtu ya yi shekaru yana sintiri kan keke tsakanin Sule Tankarkar da bakin iyaka, faci ba baƙon abu ba ne wurinsa.

Alhaji Ubale ya tako yana huci.

"Mun kawo maka ɓarawo, ka koma gyaran keke? Wallahi zan kai maganar nan gaba."

"Kai ta inda ka ga dama. Matsa, ka tare min haske."

Ƙayar aduwa ce, a tsakiyar tayar, daidai inda take taka ƙasa. Sufeto ya zana alli a wurin, ya zare ta. Guntuwa ce, bakinta a karye. Ya ajiye ta kan benci.

Ya ɓare gefe ɗaya na tayar, ya sa wa tub, robar cikin da ke riƙe iska, alli daidai ƙarƙashin inda ƙayar take, sannan ya zaro shi. Kofur Ilu ya ba shi iska kaɗan. Sufeto ya fara tsoma shi cikin daro daga bawul, inda ake ba da iska, yana zagayawa a hankali. Mutanen Gagarawa suka kewaye shi, wasu na dariyar reni.

Wurin alli ya nutse. Ruwa bai motsa ba.

Ya ci gaba. Sai da ya wuce da kusan taƙi guda, kumfa ta taso, layi biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Ya ɗaga tub ya duba. Huji biyu ne, suna kallon juna, kowanne ɗan tsage, ba zagayayye irin na ƙaya ba.

Ya zura yatsa cikin tayar yana shafawa. A gefenta, can kusa da ƙarfen wili inda ba ta taɓa ƙasa, ya ji tsaga. Ya juya ɗaya gefen, ga 'yar'uwarta.

Ya wanke hannu, ya ce a kawo wani buhun gero da ke bayan kantar ofis, wanda bakinsa ya kwance.

"Ƙasimu, an ce duk Gagarawa ba wanda ya kai ka ɗinki. Ɗinke mana wannan."

"Yanzu, ranka ya daɗe? Kaina na ciwo."

"Yanzu."

"Ɗinke masa mana mu wuce wurin," in ji Alhaji.

Ƙasimu ya kai hannu cikin naɗin hularsa ya zaro basilla, mai faffaɗan baki. Ya haɗe leɓunan buhun, ya soka. Tura ɗaya, ta fita ɗaya gefen.

Sufeto ya riƙe masa wuyan hannu.

"Ya isa. Ba ni."

Ya ɗauki tayar, ya sa bakin basillar a tsagar dama. Ta wuce ba tirjiya, ta leƙo ta tsagar hagu. Ya ɗaga sama kowa ya gani. Dariyar ta ɗauke.

"Ƙaya daga ƙasa take shiga, Ƙasimu, kuma in ta shiga nan take tsayawa. Ba ta hawowa gefe ta ratsa ta fita. Da ƙayar ka fara, ta karye maka ba ta kai tub ba. Sai ka koma kan abin da hannunka ya saba, ka soke taya kamar bakin buhu."

"Sharri ne! Bafulatanin ne ya soke ta!"

"Da basillarka da ke cikin hularka? Kai da bakinka ka ce ƙaya ce. Ina rediyon?"

Ƙasimu ya dubi Alhaji, ya dubi ƙofa. Kofur Ilu ya riga ya tsaya a wurin.

"Ina tambayarka."

Ƙasimu ya durƙushe.

"Yana cikin wani tsohon rumbu a bayan Gagarawa Tasha. Can na ajiye kafin in kai burtali. Na so in kai shi Maigatari ranar Alhamis, akwai wani mutumin Damagaram da ke nema. Goshin kuma jikin kuka na goga."

"Me ya sa ka ce Bappa?"

"Shi na gani a hanya. Kuma na san in dai shi ne, Alhaji ba zai tambayi komai ba."

Alhaji Ubale ya zaburo da hannu a sama. "Ɗan banza, maci amana!"

Sufeto ya shiga tsakani. "Sauke hannunka. Kun ɗaure mutum ɗaya yau ba da izini ba, wannan maganar ma tana nan tana jiranka."

Kofur Ilu ya sa wa Ƙasimu ankwa, ya tura shi bayan kanta. Keke da basilla da guntuwar ƙayar aka shigar da su ɗakin ajiyar shaida.

Aka miƙa wa Bappa sandarsa. Bai gode wa kowa ba. Ya zo daf da Alhaji ya tsaya, ya nuna masa sawun igiya a hannunsa. Alhaji ya kau da kai yana gyara babbar riga. Mutanen Gagarawa suka fara hawa mota ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani.

"Sufeto," in ji Bappa, "rijiya fa?"

Sufeto Haladu ya ɗauki igiyar gugan daga ƙasa, ya nannaɗe ta, ya ɗora wa Alhaji Ubale a hannu.

"Ga igiyarku, mayar da ita inda ka kwanto ta. Kofur, in kun ɗauko rediyon, wuce da su Alhaji da Bappa bakin rijiya. Kar ka bar wurin sai saniyar ƙarshe ta sha ta ɗaga kai."