Kazar Ramotu a Bukkar Lebura

Kwana uku Ramotu tana cigiyar kazarta, wata wake-wake mai yawon tsiya, kafin ta same ta a bukkar wani lebura a bayan garin Kontagora, ta yi ɗare-ɗare kan ƙwai goma sha ɗaya cikin kwandon ɗiban ƙasa. Mai bukkar shi ne Ndanusa, Banufen da aikin hanyar mota na Turawa ya kawo. Ta kai hannu za ta ɗauka, ya ce ta bari, kaza in ta fara kwanci aka tashe ta, ita da ƙwan sai dai a lahira. Ta ɗago ta dube shi. To, daga nan ne fa.

Kullum da la'asar sai ta zo da tsaba da ruwa a kasko. Shi kuwa bawan Allah ya bar wa kaza ɗaki, yana kwana a bakin ƙofa saboda muzuru. Yana ce mata Uwar Kaji, tana ce masa Baƙona, tana yi wa Hausarsa dariya. Babu mai son ranar ƙyanƙyasa ta zo, don daga ranar ba ta da sauran dalilin zuwa.

Ndanusa ya tura dattawa neman aurenta wurin mahaifinta, Malam Saliu. Malam ya ce ba ya ba da 'ya ga mutumin da yau yana nan, gobe hanya ta yi gaba da shi, alhali ga Lukuman mai keke, ɗan gari, yana nema. Ramotu ta yi kuka har idanunta suka kumbura.

Saura kwana huɗu a ƙyanƙyashe, aka ce aiki ya koma wajen Zungeru, wanda bai bi ba an soke sunansa.

"Baƙona, ka bi su," in ji ta. "Baba ba zai sauya ba. Kada ka rasa ni kuma ka rasa abincinka."

"In na tafi, wa zai tsare wa kazar ƙofa?"

Bai tafi ba. 'Yan tsaki tara suka fito, sai ga ruwa kwana biyu ba ƙaƙƙautawa, bukka tana yoyo ta ko'ina. Ya cusa 'yan tsakin cikin rigarsa yana gasa jikinsa da wuta, duk da haka sanyi ya kashe huɗu. Rana na fitowa shaho ya sure biyu a kan idonsa. Ramotu kuwa an hana ta fita. Kai, baƙin ciki bai yi ba.

Ya ɗaure tabarmarsa zai koma ƙasar Nufe, ya biyo ta gidan su Ramotu da kazar da ukun da suka rage a ƙwarya. Malam Saliu na zaune a zaure. Ndanusa ya durƙusa ya faɗi yadda shida suka mutu a hannunsa, ya nemi gafara. Da ya miƙe sai jiri ya kwashe shi, ya dafa bango.

"Yaushe rabonka da abinci?" in ji Malam.

"Kwana uku, Baba."

"Ga kaza a ɗakinka?"

"Ai ba tawa ba ce."

Daga bayan zana ana jin shessheƙar Ramotu.

"Sauke tabarmar nan," in ji Malam. "Ina da gona a hanyar Salka, ba mai noma ta. Ke Ramotu, bar kukan nan ki kawo wa mijinki tuwo."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Dattawa suka shafa fatiha, suka ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ango dai har ranar bai gama mayar da jikinsa ba, rigar aron da ya sa tana yi masa yawa.