Ambulan Tara na Malam

"Na ce ba zan ba mai zane 'yata ba! Ko ba ki ji ni ba ne, Auta?"

"Abba, malamin makaranta ne fa..."

"Shi ma mahaifina malamin makaranta ne! Na ga abin da uwata ta sha."

Ya ɗauki mukullin motarsa ya fice. Ni kuwa na tsaya riƙe da waya, saƙon Ɗan Alli na haskawa: "Hasken idona, me ya ce?" Na kife wayar.

Wata biyu ke nan da rasuwar kakana, Malam, yana da shekara casa'in da ɗaya. Shekara arba'in ya yi yana koyarwa a firamare, bayan ya yi ritaya kuma ya yi kusan talatin yana zane a wani ƙaramin ɗaki mai warin fenti. A ɗakin nan na fara ganin Ɗan Alli, saurayin da ke zuwa ɗaukar darasi duk Asabar. Malam ne ya laƙaba masa sunan, don kullum hannun rigarsa fari fat da ƙurar alli.

Abin da ya tsaya mini a rai ba faɗan Abba ba ne. Me Kaka ta sha? Ni dai tun tasowata dariya na san su da ita.

Washegari da hantsi na same ta a ɗakin zanen, tana goge buroshinsa ɗaya bayan ɗaya.

"Kaka, tambaya na zo da ita."

"Ke dama jakar tambaya ce. Zauna, kada ki taka mini kwalabe."

"Malam ya wahalar da ke?"

Ta yi dariya har da tari. "Ƙwarai kuwa! Wa ya ce miki auren mai zane hutu ne? In aike shi kasuwa sayen gishiri, ya dawo da la'asar ba gishiri, wai ya tsaya zana wata tsohuwa mai sayar da tsintsiya. Takardar buhun siminti, bayan kalanda, har murfin kwalin takalmina bai tsira ba."

"Ba ki taɓa yin fushi ba?"

"Har yaji na yi. Sati tara cur a gidanmu."

Na zaro ido. "Ke, Kaka?!"

"Ni ɗin. Ubanki yana ɗan shekara bakwai. Na kwanta zazzaɓi, na ce Malam ya sayo magani. Ya biya makaranta zai ɗan gyara taswirar da yake zana wa yara a bango, bai dawo ba sai da rana ta faɗi. Da na warke na ɗaure kayana."

"Kika bar Abba?"

Ta ajiye buroshin. "Na bar shi saboda karatunsa. Shi ne kuskuren da har yau nake jin ɗacinsa."

"To ya aka yi kika dawo? Biko ya je?"

"Ina! Mutumin da ke cika allo da rubutu, ya kasa haɗa kalma biyu ta ban haƙuri. Jawo mini akwatin can na ƙarƙashin tebur."

Na jawo. Ambulan tara ne a ciki, sun yi ja don tsufa. Duk sati, in ji ta, Malam yakan ba Abba ɗaya ya kai mata. Na buɗe ta farko. Babu rubutu ko ɗaya, zanen fensir ne: tukunya ta ƙone, hayaƙi na tashi. Ta biyu igiyar shanya ce babu ko tsumma. Ta uku Malam ne da kansa, ya zana kunnuwansa kamar na jaki.

Na fashe da dariya. "Wannan fa?"

"Ban haƙurinsa ke nan. Buɗe ta ƙarshe."

Yaro ne zaune a bakin ƙofa, ya saka maɓallan rigarsa a karkace, ya ƙura wa hanya ido. An zana shi da kulawar da har ƙurar ƙafarsa ana gani. Na gane goshin nan take.

"Ranar ban ko tsaya ɗaura ɗankwali da kyau ba na koma ɗakina," in ji Kaka. "Daga nan bai sake barina da ciwo ba. Mantuwar gishiri kuwa, da ita ya koma ga Allah."

"Abba ya san abin da ke ciki?"

"Bai taɓa tambaya ba, ni kuma kunya ta hana ni."

Da yamma na ajiye ambulan ɗin a kan teburin Abba, na ce, "Saƙon da ka yi ta kaiwa ne. Kaka ta ce ka duba." Ban jira amsa ba.

Kwana huɗu bai ce mini uffan ba. Ɗan Alli ya kira, muryarsa a sanyaye.

"Zuciyata, in zo in roƙe shi?"

"A'a, masoyina. Ba da kai yake faɗa ba... Kuma in ya ce a'a, ba zan tsallake maganarsa ba. Ka sani ko?"

"Na sani. Shi ya sa nake tsoro."

Rana ta biyar Abba ya dawo da azahar, abin da bai saba ba. Ya zauna a falo, ya cire hula.

"Auta, zo nan. Na je makarantar yaron nan."

Na ce, "Abba, me ya yi?"

"Bai ma san na je ba. A bakin taga na tsaya. Yadda ruwan sama ke samuwa yake koya musu. Ya zana kogi, ya zana rana, ya zana girgije da kumatu kamar zai yi atishawa. Yara hamsin, ko tari babu mai yi! Aka kaɗa ƙararrawa suka ƙi fita." Ya goge idonsa da bayan hannu. "Kin san ban taɓa ganin Baba yana koyarwa ba? Wani aji ya sa aka kai ni, kada a ce yana fifita ɗansa. Ni kuma na ɗauka guduna yake yi... Shekara sittin, Auta. Sai yau na ga irin aikinsa."

Na durƙusa na riƙe gwiwarsa, hawaye na zuba.

"Zai ɓata miki rai wata rana," ya ce. "Ranar ki zo ki faɗa mini, kada ki haɗiye."

"To, Abba."

"Ki ce ya turo manyansa."

Bayan wata uku aka ɗaura mana aure. Da angona ya je gaishe da Kaka, ta miƙa masa mukullin ɗakin zanen, Abba kuma ya riƙe masa ƙofa. Sai Abba ya ja kujerar Malam ya zauna, ya gyara wuyan rigarsa, ya ce a kunyace, "To, ɗana... in kana da fensir a kusa, ina so a zana ni tare da uwata."