Dokin Ƙofar Gimbiya Sarnai

A shekara ta tara da hawan Han Torgudai, wato babban sarkin Mangol, a kakar da nonon goɗiya ya wadata, aka tsai da auren 'yarsa Sarnai da Bars-Tegin, sarkin birnin Karasu, don a kashe yaƙin da ya hana fatake wucewa shekara bakwai.

Sarnai ta leƙa angon ta ɓular tanti. Gajere ne, mai tumbi. Ba ta damu ba. Birnin take so, da ƙofofinsa huɗu.

Dokar Mangol ita ce, wanda ya taka dokin ƙofar tantin Han, kisa. Bars-Tegin ya sani, har wata uku ya yi yana koyon tsallake gungume a gida. Sai dai bai koyi shan tsimin nonon goɗiya ba, ga shi baƙo ba ya mai da ƙwarya. Ya sha tara. Da aka kira shi sabon farin tantin biki, ya ɗaga ƙafa da kyau, ya ajiye ta daram a kan dokin ƙofa.

Makaɗa suka tsaya.

Tsoho Jargal, alƙalin fada, ya dafa shi ya ce, "Kwantar da hankalinka, ango. Jinin sarauta ba a zubar da shi. A darduma za mu naɗe ka, dawakai su bi ta kai."

"Darduma?" in ji ango.

"Sabuwa fil."

Sarnai ta ga birninta yana sulluɓewa, yaƙi yana dawowa. Ta fito ta durƙusa.

"Baba, tantin nan na wa ne?"

"Naki ne. Da safe na ba ki, yadda ake ba kowace amarya."

"To dokin ƙofata ya taka, ba naka ba. Hukunci nawa ne."

Han ya dubi alƙali. Alƙali ya dubi dardumar da takaici.

"Yanke," in ji Han.

"Ɗaurin rai da rai a hannuna. Hatimin birninsa kuma ni zan riƙe, tunda ko ƙafarsa ba ya iya riƙewa."

Ango ya yi godiya har da hawaye.

Masu tarihi sun ce shekara talatin da ɗaya Sarnai ta mulki Karasu, fatake na wucewa lafiya. Umarni ɗaya tak aka san Bars-Tegin ya bayar: a cire dokin kowace ƙofa a fada. Haka mulki yake. Birnin da mahayan Han dubu goma suka kasa ci da yaƙi, guntun itace ya ci shi.