Hannun da Ya Yi Mini Ƙarya

Dariyarsa na fara ji tun daga bakin ƙofar aji.

Malam ba ya jin dariyar kansa, shi ya sa yake sakinta gaba ɗaya. Ina son dariyar nan kamar raina. Amma yau ba ni aka yi wa ba.

Tana tsaye gabansa, hannayenta na tashi suna sauka kamar tana saƙa iska. Tafintar da ƙungiyar agaji ta turo makarantar kurame. Doguwa, mai lalle har wuyan hannu. Da ya juya wajen allo, sai ta taɓa kafaɗarsa.

Kafaɗar da ni ko gogarta ban taɓa yi ba!

"Tela, kin zo awon yara?" ta ce mini tana murmushi. "Shigo mana, hira kawai muke."

"Hirar me?"

"Ayya... ba za ki gane ba."

Tef ɗin awo na matse a hannuna har yatsuna suka yi fari.

Ni ke ɗinka wa yaran makarantar kayan sawa tun da ƙungiyar ta buɗe azuzuwa uku a tsohon sito. A can na haɗu da Malam, kurma ne tun haihuwa, shi ke koyar da lissafi. Soyayyarmu duk a waya take. Ya rubuta, in rubuta. Ita kuwa a minti ɗaya sai ta faɗa masa abin da zan kwashe rabin awa ina dannawa.

Ran nan na rubuta masa: "Me take ce maka?"

"Maganar sababbin littattafai. Kishi kike, rabin raina?"

"Allah ya kiyaye!"

Ƙarya nake. Ko abinci ban iya ci ba.

Washegari na tare 'yan matan aji uku lokacin tara. Na nuna kaina, na nuna hannuna. Suka gane. Wata uku suna koya mini maganar hannu a bayan aji, suna kwashewa da dariya duk lokacin da na ce "akuya" a maimakon "yayata". Ban gaya wa kowa ba.

A gida kuma Umma ta kafe.

"Kurma, Auta? Duk mazan garin nan? Idan kika faɗi a ɗaki kina ihu wa zai ji ki?"

"Umma, masu kunnen ma nawa ne suke ji?"

"Rufe mini baki!"

Baba ne ya ce Malam ya zo ya gan shi. Ya zo ranar Asabar da hantsi, cikin farar riga da ni na ɗinka. Wa ya biyo bayansa? Ita. Wai don ta fassara.

Na laɓe bayan labulen falo.

Baba ya gyara zama. "Tambaye shi, da gaske yake? Yaushe ya shirya?"

Ta mayar masa da maganar hannu. Malam ya dafa ƙirjinsa, ya motsa hannu a nutse. Na karanta sarai: Na shirya. Ko gobe. Ba ni da kowa sai ita.

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ya ce gaskiya bai shirya ba tukuna. Ƙungiya za ta tura shi ƙaro karatu, sai ya dawo zai yi tunani."

Umma ta tafa hannu. "Kun ji ko?"

Shi kuwa bawan Allah yana ta murmushi, bai san an yanka shi ba.

Ban san sanda na yaye labulen ba.

"Ƙarya take, Baba! Wallahi ƙarya take!"

"Ke Auta!"

Na tsaya gaban Malam. Na haɗa kalmomin da yara suka koya mini, a karkace, a gurguje: Ta ce ba ka so na.

Murmushinsa ya ɗauke. Ya kalli hannuna, ya kalli fuskata, sannan ya juya ya kalle ta. Ba ta iya ɗago ido ba.

Ya ciro biro, ya ja takardar da ke kan tebur, ya rubuta ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Baba ya sa tabarau, ya karanta a fili: "Ba na jin muryar 'yarka, amma ba zan taɓa ƙin saurarenta ba."

Tafintar ta miƙe tsaye.

"Shekara biyu ina zama bakinsa," ta ce mini. "Ke kuma kin zo da zare da allura..."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Na so in ji tausayinta. Ban ji ba.

Umma ta share ido da gefen mayafi. "To ni yanzu yaya ake ce wa mutum ya ci abinci da hannu?"

Bayan wata biyu aka ɗaura mana aure.

Tafintar ita ta nemi a sauya mata makaranta da kanta. Ƙungiyar ta turo sabon tafinta, saurayi mai fara'a, ya buɗe ajin iyaye duk Laraba. Ni ce a layin gaba, Umma a gefena.

Larabar farko ya yaba mini, ya ce hannuna na da kyau wurin magana.

Na waiga. Malam na tsaye a taga, ya haɗe rai kamar hadari. Ya ɗaga hannu ta saman kawunan mutane:

Me yake ce miki?