Bokiti a Tsakiyar Teku

"Tun jiya ba ki sa komai a bakinki ba, Vasemaca. Ko fasa auren kike son yi, kunya ta hana ki faɗa?"

Peniasi ne ya tsare ta da ido a gaɓar teku ta garin Vunisea, ana loda kaya cikin kwalekwalen injin da zai kai su ƙauyen iyayensa. Ta sunkuyar da kai. Ta ina za ta fara ce masa ba shi take tsoro ba, cikinta take tsoro?

Tun tana kwaleji take fama. Likita a Suva ya ce babu ƙari, babu gyambo, hanjinta ne mai saurin tashi. Albasa, tafarnuwa, maiƙo, uwa uba fargaba, su ke tayar da shi. Ta koyi lallaɓa shi da abinci kaɗan-kaɗan da shayin na'ana'a, kuma duk inda ta shiga ƙofar bayi take fara nema. Duk wannan Peniasi bai sani ba.

Teku kuwa ba ta da bayi.

"Masoya, in ba ku shigo ba za mu bar ku a nan," in ji Gwaggo Torika, yayar mahaifinsa, wadda in ta ce a'a, auren ya mutu. Ta miƙo wa Vasemaca ƙunshin gurasar roti da kifi, albasa har tana leƙowa. "Ci. Ba za mu kai amarya gida kamar sandar kamun kifi ba."

Ba a mayar da hannun gwaggo. Ta ci.

Sai da ƙasa ta ɓace a bayansu murɗar cikin ta zo. Zufa mai sanyi ta keto mata. Ta ja numfashi ta hanci, ta sake shi a hankali yadda aka koya mata... a banza. Gabanta maza, bayanta maza, gefe da gefe ruwa. Ya Allah, ba a nan ba. Ba a gabansa ba.

"Rabin raina, lafiya?"

Ta kasa kallonsa. Ta kai baki kunnen Gwaggo Torika, ta faɗi abin da ko ƙawa ba ta taɓa faɗa wa ba. Ta runtse ido tana jiran hukunci.

"Kashe injin nan," in ji Gwaggo Torika. "Maza duk ku koma gaba, ku ba mu baya. Peniasi, ɗauko mana waƙar coci."

"Gwaggo, kin san muryata..."

"Shi ya sa na zaɓe ka, ta fi injin ƙara."

Matan da ke cikin kwalekwalen suka miƙe suka ware zannuwa, suka yi mata ɗaki a bayan kwalekwalen. Aka turo bokitin kwalfe ruwa. Maza suka ɓarke da waƙa, Peniasi na kan gaba yana ɓata ta.

Da Vasemaca ta gama ta fashe da kuka.

"Gwaggo, ki yafe min... na ɓoye muku. Ba ya warkewa, lallaɓa shi kawai ake yi."

Tsohuwar ta ɗauraye bokitin a teku da hannunta.

"Ke ce ta farko? Uwar wancan mai muryar, haka muka kare ta ranar da aka kawo ta. Laifinki ɗaya, da kika karɓi rotin nan. Lissafo min abin da cikin ba ya so, kafin matan ƙauye su cika tukunya da albasa. Gasasshen kifi da shinkafa fa?"

Ta gyaɗa kai tana share hawaye.

"In juyo?" Peniasi ya tambaya, bayansa na nan yadda aka bar shi.

"Ka ji komai?"

"Na ji. Ni da na kwana ina zaton ni ne ba kya so."

"In ciwon ya zauna da ni har tsufa fa?"

Ya juyo, idonsa jajir, ya kama hannunta a gaban kowa.

"To sai in koyi wasu waƙoƙin. Wannan kaɗai na iya."